A koya wa ɗalibai yadda masana suka riƙa sauya magana a lokacin korona, ko a bar su da littafi?

Malamar Bayoloji:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Kusan kowane littafin kimiyya na sakandare yana da shafi guda kan yadda ake bincike: a lura, a yi hasashe, a gwada, a fitar da sakamako. Yaro ya haddace, ya zuba a jarrabawa, ya karɓi makinsa. Amma yaron nan ya ji, ko da kunnensa ko daga bakin manya, cewa a farkon 2020 an ce mai lafiya ba sai ya sa takunkumi ba, sannan ranar 5 ga Yunin shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa a wuraren cunkoso. Shafin littafin ba shi da abin da zai gaya masa game da wannan. Shi ke nan sai ya yanke wa kansa hukunci: ko dai can farko ƙarya aka yi, ko daga baya.

Abin da nake so in gwada shi ne in ɗauki binciken annoba in mai da shi darasi. Ba labarin korona zan ba su ba. Zan ajiye su a wata rana, misali ƙarshen Maris 2020, in ba su iya abin da aka sani a ranar a kan kati, in ce su yanke shawara. Sai in ƙara musu sabuwar hujja, mu ga wa zai sauya ra'ayi, kuma me ya sauya shi. Me kuka gani?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam 'yata. Niyyarki mai kyau ce, amma ina jiye miki abu ɗaya. Yaro ɗan shekara sha huɗu ba ya ɗaukar darasi yadda kika shirya shi, yana ɗaukar abin da ya fi sauƙin maimaitawa ne. Za ki yi mako kina bayani, ya koma gida ya ce "Malama ta ce masanan ma ba su san komai ba." Daga nan duk wanda ya zo masa da shirme a waya sai ya ce ai kowa ma ra'ayinsa yake faɗa. A fara cika musu kai da abin da ya tabbata. Shakka a bar ta sai jami'a.

Malamar Bayoloji:
Baba, shakkar ai ta riga mu shiga ajin. Ba ni zan kawo ta ba. Kuma da yawansu ba za su karanci kimiyya a jami'a ba, wannan ajin shi ne na ƙarshe da wani zai zauna da su a kan maganar.

Malamin Tarihi:
Ni ina bayan Malama, amma da sharaɗi: kada a fara da korona. Zafinta bai huce ba, kowa yana da ɓangare. A fara da annobar da babu mai rigima a kanta yau.

Kwalarar Landan ta 1854 ta dace sosai. A unguwar Soho mutum fiye da 600 suka mutu, yawancinsu cikin 'yan kwanakin farko. A lokacin manyan likitoci sun yi imanin cewa gurɓatacciyar iska mai wari ce ke kawo cutar, kuma kada mu yi musu dariya, domin suna da abin nunawa: inda ya fi wari nan aka fi mutuwa. Likita John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗibar ruwa, ya ga gidajen sun kewaye famfon tuƙa-tuƙa ɗaya a titin Broad. Abin da ya fi armashi ga aji shi ne waɗanda ba su shiga lissafin ba. Akwai gidan marasa galihu a unguwar mai ɗaruruwan mutane, kaɗan ne suka mutu a ciki, ashe suna da rijiyarsu. Akwai kuma wata bazawara can nesa a Hampstead da ta mutu da cutar, alhali ba ta shaƙi iskar Soho ba. Da aka bincika, ashe ana kai mata ruwan famfon ne saboda tana son ɗanɗanonsa.

Ki ba su taswirar unguwar mai nuna gidajen mamatan ba tare da sunan Snow ba. Ki raba ajin biyu, 'yan iska da 'yan ruwa (Allah Ya ba da haƙuri, ku samo wa rukunin farko wani suna). Sai ki riƙa sako musu waɗannan bayanan ɗaya bayan ɗaya.

Malamin Lissafi:
Malam ka kashe ni da dariya. Amma ka tsallake wurin da na fi so. An cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba, mace-mace suka ragu, kuma a nan yawancin masu ba da labarin ke tsayawa. To ai mace-macen sun riga sun fara sauka kafin a cire, domin mutane da yawa sun gudu daga unguwar. Snow da kansa ya rubuta hakan. Wato mutumin yana da gaskiya, amma cire hannun famfon ba shi ne hujjarsa ba. In ɗalibi ya iya riƙe waɗannan biyun a kansa lokaci ɗaya, to ya koyi abin da manya da yawa ba su iya ba.

Malamin Tarihi:
Haka ne. Kuma hukuma ba ta gamsu ba, daga baya aka mayar da hannun. Snow ya rasu a 1858 ba a karɓi maganarsa ba. Sai wajen 1884 Robert Koch ya bayyana ƙwayar kwalara ta yadda duniya ta saurara, ko da yake wani ɗan Italiya, Filippo Pacini, ya gan ta tun 1854 ba a kula shi ba. Akwai ma wani limamin coci a unguwar, Henry Whitehead, da ya shiga bincike don ya ƙaryata Snow, ya ƙare yana daga cikin masu ƙarfafa shi.

Tsohon Hedimasta:
To wannan ban ƙi ba, domin ƙarshensa a bayyane yake: kwalara ta ruwa ce, an gama. Korona fa? Ina ƙarshenta?

Malamin Lissafi:
Wasu sassanta suna da ƙarshe, Baba. Bari in kawo wanda nake ganin ya fi kowanne.

A Maris 2020 wata tawaga a Marseille ta Faransa, ƙarƙashin Didier Raoult, ta fitar da rahoto cewa haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin, yana kawar da ƙwayar korona. Mutum 26 aka fara ba maganin, amma 20 aka lissafa. Shidan da aka cire: uku an kai su sashen kulawa ta musamman, ɗaya ya mutu, ɗaya ya bar asibiti, ɗaya ya daina sha saboda tashin zuciya. Waɗanda aka kwatanta da su mutum 16 ne, ba da ƙuri'a aka zaɓe su ba, wasunsu ma a wasu asibitocin suke. Sannan abin da aka auna shi ne ko ana ganin ƙwayar a majinar hanci, ba wai wa ya rayu ba.

Ba sai ka faɗa wa yara komai ba. Rubuta wannan a allo, ka tambaya: in aka cire wanda ya mutu daga lissafi, me zai faru da sakamakon? Ɗan aji ɗaya ma zai amsa.

Sai ka kawo gwajin RECOVERY na Birtaniya. Nan kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a ta raba marasa lafiya, likita ba ya zaɓa. Fiye da mutum 1,500 suka sha wannan maganin, fiye da 3,000 ba su sha ba, a farkon Yuni aka sanar cewa bai rage mutuwa ba. Ranar 16 ga Yuni gwajin dai ya sanar da cewa deksametason, tsohon magani mai araha, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kusan ɗaya cikin biyar ga masu karɓar oksijin kawai. Mutum 2,104 aka ba, aka kwatanta da 4,321. Hanya ɗaya ta kori magani ɗaya, ta tabbatar da wani, cikin mako biyu. Yaron da ya ga wannan ba zai ce masana ba su san komai ba. Zai ce akwai binciken da ya fi wani, kuma ga dalili.

Ma'aikaciyar Jinya:
Malam, ka manta rukuni na uku, kuma shi ne wanda ya fi damuna. Ga waɗanda ba sa buƙatar oksijin, deksametason bai nuna amfani ba, shi ya sa ba a ba da shawarar a ba mai ƙaramin ciwo. Don Allah duk malamin da zai yi wannan darasi ya faɗi haka da babbar murya. Kada yaro ya koma gida ya zama likitan kakarsa.

Abu na biyu, ina roƙon a yi wa likitocin farko adalci. A aji yana da sauƙi a ce "me ya sa ba su jira gwaji ba?" Mara lafiya yana gabanka yana neman numfashi, 'yan'uwansa suna waje, ba ka da komai a hannu. Jira ma hukunci ne, kuma yana da nasa mamatan. In za a ajiye ɗalibai a Maris 2020, a hana su zaɓin "sai mun ƙara samun bayani". A ce musu yau za ku yanke.

Malamar Bayoloji:
Hajiya wannan na ɗauka. Sai dai zan bar musu zaɓi ɗaya: su ce za a ba da maganin, amma a cikin gwaji, da ƙuri'a. Ina so in ga ko wani zai gano shi da kansa, domin shi ne abin da RECOVERY ya yi tun a Maris ɗin.

Ɗalibin Digiri:
Ku yi haƙuri malamaina, amma labarin ya yi daɗi da yawa. Kamar kimiyya wata injin ce mai wanke kanta. A ranar 22 ga Mayu 2020 mujallar Lancet, wadda ba ƙarama ba ce, ta buga bincike kan marasa lafiya kusan 96,000 da ya ce haidiroksikulorokwin ɗin nan dai yana ƙara kashe mutane. Har Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da ɓangaren gwajinta na ɗan lokaci. Ashe bayanan, waɗanda wani kamfani Surgisphere ya kawo, babu wanda ya iya tantance su. Ina masu bitar da ake ce mana suna duba takarda kafin a buga? In za a koya wa yara, a koya musu har da wannan, da kuɗi, da siyasa, da neman suna.

Malamin Lissafi:
A koya musu mana. Amma wa ya kama shi? Wasu masu bincike ne da 'yan jarida suka lura cewa mutuwar da takardar ta ce ta tattaro daga asibitocin Ostireliya ta zarce adadin da aka sani na ƙasar duka a lokacin. Masana da yawa suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa. Ranar 4 ga Yuni aka janye takardar. Kwana goma sha uku.

Ɗalibin Digiri:
Ita kuma ta Marseille sai Disamba 2024 aka janye ta. Fiye da shekara huɗu. Wannan fa?

Malamin Lissafi:
Wannan ka ci ni a kai, ƙanena. Ɗaya an kama ta da lissafin da kowa zai iya dubawa, ɗaya kuma tana da babban suna a bayanta da magoya baya. Amma ka lura, likitoci ba su jira janyewar ba, gwaje-gwajen 2020 sun riga sun raba gardamar.

Malamar Bayoloji:
Ni waɗannan ranakun biyu ma zan rubuta a allo gefe da gefe, in tambaye su me ya sa. Gyara ba ya zuwa da kansa, sai wani ya zauna ya ƙirga, ya yi magana, wani lokaci ya sha zagi. In ba a nuna musu mutanen da ke wannan aikin ba, sai su zaci abin sihiri ne, ranar da ya yi jinkiri kuma su ce duk yaudara ce.

Uwar Yara:
Ni ba malama ba ce, amma ina da tambaya. A cikin ajin nan akwai wanda ya rasa uba ko kaka a annobar. Akwai wanda iyayensa suka ƙi allurar, akwai wanda nasa suka yi. Ya za a yi kada darasin ya zama shari'a tsakanin gidaje? Ba na son ɗana ya dawo yana raina ni, ba na kuma son a nuna shi da yatsa saboda abin da ubansa ya zaɓa.

Tsohon Hedimasta:
Kin ji irin abin da nake gudu.

Ma'aikaciyar Jinya:
Kada a tambayi kowane yaro abin da aka yi a gidansu, ko da wasa. Kuma a sanar da su tun kafin ranar cewa za a yi maganar mace-mace, wanda ba zai iya ba a ba shi wani aikin. Sannan malami ya yarda cewa tsoron mutane ba daga sama ya faɗo ba. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba a yi musu magani ba don a ga yadda cutar ke tafiya, har bayan an samu fenisilin. Dokokin neman yardar mutum kafin a saka shi a gwaji sun ƙara tsauri ne saboda irin wannan. Yaron da ya ji malaminsa ya faɗi haka da kansa zai fi sauraron sauran.

Malamin Lissafi:
Game da allura, Hajiya Uwar Yara, ni ba na tambayar "ka yarda ko ba ka yarda ba". Lissafi nake ba su. A gwajin allurar kamfanin Pfizer na 2020 mutum sama da 43,000 suka shiga, rabi aka yi musu allurar, rabi ruwan gishiri, ba wanda ya san wacce ya samu. Cikin mutum 170 da suka kamu, 162 'yan ruwan gishiri ne, 8 'yan allura. Su raba 8 da 162 da kansu, su ga inda kashi 95 ya fito. Sai tambaya ta biyu: me wannan lambar ba ta faɗa ba? Ba ta faɗi tsawon lokacin kariyar ba, domin kimanin wata biyu aka bi yawancinsu kafin sanarwar. Ba ta faɗi ko mai allura zai iya yaɗa cutar ba, domin ba shi aka auna ba. Ba ta san nau'in korona na Omikron ba, domin ba a haife ta ba tukuna. To da aka ga masu allura suna kamuwa a 2022, gwajin ya yi ƙarya ne, ko mutane ne suka ɗora masa abin da bai ce ba?

Akwai kuma wani atisaye da lambobin da na ƙirƙira don aji kawai. Gari mai mutum 1,000, 900 sun yi allura, 100 ba su yi ba. Cikin marasa allura kashi 5 cikin ɗari suka kwanta asibiti, wato mutum 5. Cikin masu allura kashi 1, wato mutum 9. Ka shiga asibitin ka ga gadaje 14, tara masu allura ne. Ka ɗauki hoto ka watsa. Ba ka yi ƙarya ba, amma duk wanda ya gani zai fahimci akasin gaskiya.

Uwar Yara:
Wannan na ƙarshen ni ma yau na fahimce shi. In irin wannan ne ba ni da ja.

Malamin Tarihi:
A taƙaice in ƙara ɗaya don Baba. A murar 1918 masana da yawa sun ɗauka wata bakteriya ce da Richard Pfeiffer ya gano a 1892 ke kawo cutar, har aka yi alluran rigakafi a kanta. Sai 1933 aka ware bairos ɗin mura daga ɗan Adam a Landan. Kuskuren ya daɗe domin na'urar ganin ƙananan halittu ta wancan lokacin ba ta iya ganin bairos. Wani lokaci ba taurin kai ba ne, kayan aikin ne bai iso ba.

Tsohon Hedimasta:
Na karanta duka. Ban sauka daga matsayina gaba ɗaya ba, amma ga abin da zan iya sa wa hannu da ina ofis. Kada a tashi darasin sai an sa yara sun ware abubuwa gida uku. Na farko, abin da aka sani tun farko kuma bai motsa ba: bairos ne ke kawo cutar, an karanta jerin ƙwayoyin halittarsa aka saki wa duniya tun Janairu 2020, tsofaffi sun fi shiga haɗari. Na biyu, abin da ya sauya da hujjar da ta sauya shi. Na uku, abin da har yau masana ke jayayya a kai, kamar asalin inda cutar ta fito. In gidan farko ya fi cika, kuma zai fi cika, to yaron ya ga cewa ba komai ke rawa ba. Ginin da ake gyara wa taga ba rushe shi ake yi ba.

Malamar Bayoloji:
Na karɓa Baba. A gida na biyu zan sa maganar iska. Da farko an fi ƙarfafa wanke hannu da goge wurare da tazarar mita ɗaya ko biyu. Sai ga irin abin da ya faru a jihar Washington ranar 10 ga Maris 2020: mawaƙa 61 suka taru atisaye a ɗaki ɗaya, 53 suka kamu ko ake kyautata zaton sun kamu, biyu suka rasu. Da wuya a ce duk ƙofa ɗaya suka taɓa. A Yuli masana 239 suka sa hannu a wasiƙa suna neman a yarda cewa cutar na yawo a iskar ɗaki. Abin da zai ba yara mamaki shi ne a 1854 masu cewa iska ce suka yi kuskure, a 2020 masu cewa iska ce suka yi gaskiya. Ba za su iya haddace amsa ba, dole su duba hujjar kowace.

Ɗalibin Digiri:
A sa Omikron ma wani wuri. Masanan Afirka ta Kudu da Botswana suka gano ta suka sanar a Nuwamba 2021, cikin 'yan kwanaki ƙasashe suka rufe wa yankin ƙofa. A tambayi yara: in kai ne mai binciken, karo na gaba za ka yi saurin faɗa?

Malamin Kimistiri:
Na makara, amma ga tambayar da ba wanda ya yi. Yaushe? Manhaja a cike take, jarrabawar ƙarshe ba ta tambayar wannan, kuma aji mai yara da yawa ba a raba shi rukuni cikin sauƙi. Sannan ya za ki ba da maki? Wanda ya zaɓi maganin Marseille a katin farko ya faɗi ke nan?

Malamar Bayoloji:
A'a Malam. Makin ba na zaɓin farko ba ne. Kowa zai rubuta abu uku a kowane kati: me na yanke, yaya ƙarfin tabbacina, wace hujja ce za ta sa in sauya. Na ukun shi ne mai maki mafi yawa. Wanda ya rubuta "babu abin da zai sauya ni" bai samu komai ba, ko da zaɓinsa ya dace. Lokaci kuwa, zan cusa shi a babin cututtuka masu yaɗuwa, darasi biyu, ɗaya na kwalara ɗaya na magungunan biyu.

Malamin Kimistiri:
Biyu ba za su isa ba. Taswirar kaɗai za ta cinye ɗaya da rabi. Kuma yara za su gane dabarar, kowa ya riƙa rubuta "in an yi babban gwaji zan sauya" ba tare da ya san me yake nufi ba.

Malamin Lissafi:
To a hana su kalmar "babba". Su faɗi wa za a kwatanta da wa, wa zai raba su, me za a ƙirga. Malama, ki bar mini lissafin allura da na gadaje 14, zan yi su a darasina na kaso a makon da kike naki, sai ya rage miki nauyi. Malamin Tarihi, kai kuma ka turo katunan Soho a jere yadda kake ganin ya kamata a sake su. Bazawarar Hampstead ta zo kafin gidan marasa galihu ko bayansa?

Malamin Tarihi:
Bayansa. In ta zo da wuri rukunin iska za su watse tun ba a fara gardama ba.